DUBA KAFIN KI TAKA: DARASI DAGA DUNIYAR MARS



'Yan uwana mata, a shekarar 2004 hukumar NASA ta Amurka ta sauke wata 'yar mota mai suna Spirit a duniyar Mars, ba direba a cikinta. An ɗora mata kyamarori biyu na duba hanya a kan dogon wuya, kamar idanun mutum, don ta gane nisan dutse da zurfin rami. Takan tsaya ta ɗau hoto, a auna, sannan ta motsa.

Duk da wannan taka-tsantsan, a 2009 ta hau wani wuri da ido ya ga kamar tsandauri ne, ashe ɓawo ne a sama, rairayi a ƙasa. Nan ta kafe, ba ta sake fita ba. Direbobinmu masu ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis sun san sharrin irin wannan yashi.

To 'yar uwa, ido zahiri kawai yake gani. Kin hango maigida yana magana da wata a ƙofar gida, ko an kawo miki gulmar abokiyar zama, sai ki zabura? Aure nawa ne ya mutu a kan "ai da idona na gani"? Musulunci ya hore mu da bincike kafin yanke hukunci, ya kuma hana mu mugun zato. Ki tsaya, ki tambaya cikin ladabi, sannan ki yi magana.

Allah Ya ba mu basira, Ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.