Hukuncin Sirace Da Man As Ga Mai Azumi

Tambaya: Malam, yayana ya kawo mini man ganyen as daga Maroko, ya ce shi ne raihanin da ke cikin Alƙur'ani. Ina fama da toshewar hanci, nakan ɗiga shi a ruwan zafi in lulluɓa da zane in yi sirace. Mai tsarki ne? Zan iya yi da rana a Ramadan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. As ƙaramin icce ne mai fararen furanni da ke fitowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Da tururin ruwa ake tatso man daga ganyensa, babu giya a cikin aikin, don haka mai tsarki ne. Ki yi salla da shi a jiki ko a tufa.

Maganar yayanki tana da tushe. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya bayyana a Zadul Ma'ad cewa mutanen Magrib as suke kira raihan, mutanen Iraƙi da Sham kuwa habaƙ, dangin ɗoɗɗoyarmu. Amma kalmar ta haɗa kowane tsiro mai ƙamshi, kada a ɗaure raihanin Alƙur'ani ga kwalba guda.

Sai batun azumi, kuma nan nake so ki natsu. Jin ƙamshi kawai ba ya karya azumi. Ki buɗe kwalbar, ko ki ɗiga a hankici ki sunsuna, babu ramuwa a kanki, ko da yake barinsa da rana ya fi. Sirace daban ne. A mazhabarmu ta Malikiyya, hayaƙin turaren wuta da tururin tukunya suna da jiki, idan aka shaƙe su suka kai maƙogwaro sai an rama ranar. Wadda ta lulluɓa da zane, ta sunkuya kan kwano har gumi yana ɗiga daga haɓarta, ta san tururin ya kai. Ki bar siracen sai bayan buɗa-baki ko kafin sahur. Idan kin riga kin yi a wasu ranaku, ki ƙirga ki rama. In ciwon ya yi tsanani har azumin na cutar da ke, ki sha azumin ki rama, Allah ya yi wa marar lafiya rangwame.

Ina roƙonki kada ki sha man, yana da ƙarfi ƙwarai. In za ki shafa, ki sirka ɗigo kaɗan da man zaitun, kuma kada ya kusanci fuskar jariri. Mai ciki da mai asma su tambayi likita tukuna.

Wallahu a'alam.