WA YA KIRA SHI?

Kwanan baya wani saurayi ya same mu, mu dattawan ikilisiya, bayan sujada. Ya ce Allah ya kira shi ga aikin fasto, yana so mu ba shi takarda ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki. Yaron yana da baki, ya yi lakwal, yana jin Faransanci. Muka ce ya dakata shekara guda. Danginsa suka ji zafi ƙwarai. Kawunsa ya tare ni a hanyar rijiya ya ce, "Dattijo, ku su wane ne da za ku tsaya tsakanin yaro da Allah?"

Tambayar nan tana da nauyi, na kwana da ita. Gaskiya ne, kira daga wurin Ubangiji yake fitowa. Ba taron dattawa ne ya ɗauko Amos daga bin garke a Tekowa ba. Sama'ila kansa ya kusa yin kuskure a gidan Yesse, gama tsayin Eliyab ya ɗauke masa hankali, alhali Dawuda ƙaraminsu yana can wajen tumaki. In annabi ya iya ruɗuwa, balle mu.

Duk da haka, ku buɗe 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1 ku karanta a hankali. Bulus bai ce a tambayi mutum irin mafarkin da ya yi ba. Ya jera abubuwan da maƙwabci zai iya gani da idonsa. Ku ƙidaya su. Gwaninta ɗaya tak ya ambata, wato iya koyarwa. Sauran duka hali ne: kamun kai, karɓar baƙi, nisantar giya da faɗa da son kuɗi, riƙon gida da kyau. Kira yana ɓoye cikin zuciya, ba mu iya leƙa shi. Amma hali a fili yake, shi ne aka ba mu mu auna. A Antakiya ma, Ruhu Mai Tsarki ga ikilisiya ya yi magana a kan Barnaba da Shawulu, su kuwa suka yi azumi da addu'a, sa'an nan suka sallame su.

To, ina ake ganin hali? Ba a kan bagadi ran Lahadi ba, gama nan kowa yana sa rigarsa mai kyau. A tambayi matarsa, in yana da aure, yadda muryarsa take sa'ad da tuwo ya makara. A duba ko yana biyan bashi. A duba iyakar gonarsa, ko tana matsawa kowace damana. Bulus ya ce har waɗanda ba na ikilisiya ba su yi masa kyakkyawar shaida. A garuruwanmu, inda Kirista ba su wuce gida biyar ko goma ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan mai gari da limami da mai kanti sun san mutum da ƙarya, wa'azinsa ya mutu tun bai buɗe baki ba.

Zancen kuɗi kuwa, na gani da idona. A yunwar 1984 an kawo wa ikilisiyarmu hatsin taimako. Mutumin da muka danƙa wa rabon ya fi kowa iya addu'a, amma danginsa suka ƙoshi, gwauraye suka koma gida da ƙwarya wofi. Mun yi shekaru kafin majami'ar nan ta sāke cika. Laifin namu ne, mu da muka zaɓe shi saboda zaƙin bakinsa.

Akwai kuma ranar wuya. Ubangiji Yesu ya nuna cikin Yahaya sura 10 cewa ɗan ƙodago yakan gudu ya bar tumaki in dabbar jeji ta zo. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Wanda ya shiga aikin nan don bai sami aikin gwamnati ba, me zai riƙe shi a irin wannan rana?

Sai dai mu ma kada mu wanke hannu. Muna neman fasto kamar mala'ika, amma da kaka ba mai kai masa dami. Ikilisiyar da ta bar makiyayinta da yunwa, ita ce ta tura shi ga jarabar da take zarginsa da ita.

Saurayin nan ba mu kore shi ba. Mun ba shi ajin yara ran Lahadi, da ziyarar marasa lafiya, da karanta wa tsofaffi biyu da idonsu ya raunana. Zai riƙa ƙidayar baiko tare da wani dattijo, ya kuma nome gonar ubansa. Kawun nasa har yanzu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Bayan an kai hatsi rumbu baɗi, in Ubangiji ya yarda, za mu sāke zama da shi.