Kwanar Dindima

Mai tafiya Yola daga Kano a mota ya gama lissafinsa tun kafin ya tayar da inji. Zai bi ta Wudil da Kwanar Huguma, ya wuce Birnin Kudu da Ningi, ya shiga Bauchi bayan ya cinye kimanin kilomita 300. Daga nan sai Gombe, sai Kaltungo, sai Numan. Tafiyar yini ce cur, kuma tun da tafiyar dare ta zama abin gudu, direba ba ya son a ce masa a tsaya in ba don salla ko shan mai ba. Shi ya sa a Dindima, inda titin Gombe ke ƙetare kogin Gongola, idan aka ga hanya ta ɓalle ta hannun dama zuwa gandun dajin Yankari, ƙalilan ne ke ko sassauta ƙafa.

Ni kuwa ina ganin duk wanda Allah ya hore wa sarari ya kamata ya karya wannan kwana, ko da sau ɗaya ne, kuma ya tafi da yaransa. Ratsen na da tsada, ban musa ba. Zai ci maka kwana guda, ga mai, ga kuɗin shiga da na masauki. Daga Bauchi zuwa sansanin Wikki kimanin kilomita 110 ne, kusan 40 daga ciki kuwa bayan an wuce ƙofar gandun da ke Mainamaji ake yin su. Yawancin masu zuwa giwa suke nema su gani, kuma giwa ta isa dalili. Amma abin da na fi so matafiyi ya kalla shi ne itatuwan da ke cikin waɗannan kilomita 40.

Kafin ƙofa gonaki ne irin waɗanda ido ya saba da su tun daga Kano. In rani ne, ƙasa fayau, an kwashe kara, kuka ɗaya a nan, ɗorawa ɗaya can nesa, sai tsamiyar da aka bari don inuwa. Da an ɗaga sandar ƙofa, ba a yi nisa ba daji ya rufe titi hagu da dama. Ga kawo, ga marke, ga taura, ga kirya, kai da kai, wasu kaurinsu ya fi a rungume. Zabi na tsallaka titi garke-garke, burtu na takawa a gefe ba ya ko gaggawa. Ƙasar nan ɗaya ce da ta bayan ƙofa. Ruwan saman da ya sauka a Mainamaji shi ya sauka a nan, ranar da ta gasa can ita ta gasa nan. Bambancin kawai iyaka ce da hukuma ta shata, da mutanen da aka ɗora wa tsaronta.

Wannan shi ne abin lura. Ƙasarmu ba rana ɗaya ta tsiraita ba, shi ya sa ba mu ji zafinsa ba. Uba ya tashi ya tarar da itatuwa ashirin a gona, ɗa ya tarar da takwas, jika ya tarar da biyu, kowannensu kuma yana ɗaukar abin da ya buɗe ido ya gani a matsayin yadda Allah ya halicci wurin. Kamar mudu ne da ake rage wa baki kaɗan-kaɗan kowace shekara: mai saye ba zai taɓa ganewa ba sai ranar da aka ɗauko tsohon mudu aka jera su. Yaron da ya tashi a Kano ko Gombe, idan kakansa ya ce masa da can akwai kura da barewa a bayan gari, tatsuniya yake ji. Ka kai shi ƙofar Mainamaji ya dubi baya ya dubi gaba. Gani ya kori ji.

Gwamnatin Arewa ce ta keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disamba na 1962. A 1991 ya koma hannun gwamnatin tarayya a matsayin gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma aka mayar wa Jihar Bauchi. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Sai dai kada mai ziyara ya ɗauka dajin nan bai taɓa jin gatari ba. A cikinsa akwai rijiyoyin Dukkey, sama da 100, waɗanda ake danganta su da ayarin fatake na zamanin cinikin bayi. Akwai kogunan Marshall da aka fafe a jikin dutse, inda mutane suka zauna. A Shau Shau kuma har yanzu ga ragowar wuraren narka tama kusan 60 a tsaye. Duk wanda ya san ƙira ya san tama ba ta narkewa sai da gawayi mai yawan gaske, kuma maƙera ba su da gawayin da ya kai na kirya. Ke nan an sari itace a nan, an ƙona, an yi hayaƙi shekara da shekaru. Mutane suka tashi, daga baya doka ta zo ta hana gatari komawa, daji ya dawo da kansa. Babu wanda ya dasa kawon nan ko ya yi masa ban ruwa. Wannan labari ya fi ba ni ƙarfin gwiwa a kan a ce daji ne da ba a taɓa taɓawa ba, domin yana nuna abin da ƙasar da aka gajiyar za ta iya yi idan aka ɗaga mata hannu.

Sauran abin da ake zuwa gani yana nan. Kogin Gaji ya ratsa gandun, kuma a ƙarshen rani, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, da ruwa ya ƙafe ko'ina, dabbobi kan taru a fadamarsa: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, ga dorina da kada a ruwa. Da damina dajin ya fi kyau, amma ciyawa ta yi tsawo, namun sun watsu, sai mai sa'a ke ganin giwa. Ruwan Wikki kuwa daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa na kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wanda ya yini a kujerar mota shi ya san daɗinsa. A kula dai da gwaggon biri, a rufe ƙofar ɗaki da gilashin mota, don ya saba da ledar abinci.

Ba daidai ba ne a yabi dajin a manta da waɗanda ke biyan kuɗin zamansa. Ma'aikatan sintiri na kwana a jeji, kuma akwai waɗanda mafarauta suka harbe har lahira. Makiyayi da ke bakin iyaka yana kallon ciyawa shar a rani, shanunsa na rama, doka ta ce kada ya shiga. Manoman garuruwan da ke kewaye, irin su Duguri da Mainamaji, sun san abin da garken giwa ke yi wa gonar masara ko dawa a dare ɗaya, ga shi noman shekara ke nan. Giwayen Yankari, waɗanda ake ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, na daga cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, kuma ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aiki da gwamnatin jihar ta sa wa wasunsu na'ura a wuya don a san inda suka dosa, ta kuma ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa sanar da fitowarsu. Wannan ya taimaka, amma bai mayar wa kowa da hatsinsa ba. A ganina, in har mu baƙi za mu zo mu ɗauki hoto mu wuce, haƙƙi ne wani kaso na abin da muka biya ya isa ga wanda giwar ta kwana a gonarsa.

Ko da tsaron ma ba komai aka tsira da shi ba. Raƙumin dawa ya ƙare a Yankari. Waɗanda ke gandun Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, daga Namibiya aka kawo su a 2006. Itace kan tofo daga kututture, amma dabbar da aka kashe ta ƙarshe ba ta da saiwar da za ta tofo.

Da safe idan aka fito aka hau titin Gombe, sai ido ya fara ganin abin da jiya ya wuce bai kula ba. Buhunan gawayi ne jere a bakin titi, an toshe bakinsu da ganye, da tarin itacen da aka faskara. Mota na rage gudu yaro zai sheƙo: "Alhaji, a sa maka biyu a but? Na kirya ne, ba ya tartsatsi." Alhaji kuwa zai ce, "Nawa za ka bar mini, samari?" domin ya san a birni kuɗin ya fi haka, uwargida kuma ta yi masa tuni tun kafin ya fito. Ban ga laifin yaron ba, ba kuma zan zagi mai saye ba. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, iskar gas ta yi tsada, tuwo kuwa dole a tuƙa. Amma wanda ya kwana a Wikki ya ga kirya a tsaye, ya san shekarun da take ɗauka kafin ta yi wannan kauri, ya kuma san buhun da ke bayan motarsa daga inda ya fito.

Ba kowace ƙasa za a mayar gandu ba, mutane sai sun yi noma. To amma maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna akwai hanya a cikin gonar kanta. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoma a can suka daina ƙone duk tohon da ya fito daga tsoffin kututture lokacin sharar gona. Sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sassabe sauran, su kare su daga awaki. Suna kiransa sassabin zamani. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya dawo gonaki da yawa, har masu bincike suka ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya ta kai hekta miliyan 5. Abin da ya ƙara wa manoman himma shi ne tabbacin cewa itacen da mutum ya raina a gonarsa nasa ne, zai sari reshe ya yi girki ko ya sayar ba tare da malamin daji ya ci shi tara ba. Ruwan saman Maraɗi bai kai na yankin Yankari ba, kuma a gonakin da ke tsakanin Dindima da Gombe kututturen da ke tofowa kowace bazara ba su da iyaka.