Katakon Da Ke Tsakanin Ƙafa Da Ruwa

Babu kogi a unguwar Koki ta birnin Kano. Ruwan da unguwar ta sani shi ne na rijiya, da na 'yan garuwa, da wanda ke cika Jakara idan damina ta yi tsakiya. Amma duk wanda ya leƙa ɗakunan ajiyar 'yan kasuwa a lungunan da suka nufi Kurmi cikin watan Agusta zai ga wata dabara da matuƙin kwale-kwale zai gane nan take: bulo a ƙasa, katako a kansa, sannan buhuna da dilolin yadi a sama. Ruwa ya kutso ta ƙarƙashin ƙofa, ya yi kwanciyarsa a ƙasa, kaya suna nan a bushe.

Haka ake yi wa cikin ƙaramin jirgi. Kwale-kwalen katako, ko da na maɗaci ne, ko an cusa tsumma a kowace mahaɗa an bi ta da kwalta, ba ya rabuwa da ruwa. Wani ya tsattsafo ta tsakanin alluna, wani ya ɗigo daga filafili, wani ya shigo da ƙafafun masu hawa. Saboda haka mai jirgin da ya san ciwon kansa yakan yanko siraran katakai ya jera su a kan haƙarƙarin jirgin, kamar taƙi guda sama da gindinsa, ya bar tsagar da yatsa zai shiga tsakanin kowane biyu domin ruwa ya zurara ƙasa. Yakan nutsar da kan ƙusa sosai, kada ta yagi tafin ƙafar yaro ko ta huda buhu. A wurin da ya fi zurfi kuwa, sai ya bar katako guda bai kafe shi ba, yadda za a iya ɗaga shi a zura yankakkiyar jarka a kwarfe abin da ya taru.

Mai irin wannan aiki ba ya rasa wanda zai tsaya a kansa ya ce: «Malam, in kwana ya ƙare ai katako ba ya hanawa.» Maganar gaskiya ce, shi ya sa take da wuyar amsawa. Idan an riga an rubuta wanda zai haye da wanda zai nutse, mene ne amfanin zarto da guduma?

Mutanen Kano sun ji nauyin wannan tambaya a ranar 30 ga Nuwamba, 2021, lokacin da jirgin fito ya kife a madatsar ruwan Watari, tsakanin Badau da Bagwai. Aƙalla mutum 29 ne suka rasu, akasarinsu yara 'yan Islamiyya da suka fito za su Mauludi. Jami'ai sun ce lodi ne ya fi ƙarfin jirgin. A wajen zaman makoki kalma guda ake ta maimaitawa, ƙaddara, kuma babu abin da ya fi ta dacewa a gaban uwar da ta sallami ɗanta da yamma cikin sabbin kaya aka dawo mata da gawarsa. Ita ce kalmar da ke hana zuciya tarwatsewa. Abin da ke da ciwo shi ne a ɗauko ta daga tabarmar ta'aziyya a kai ta bakin ruwa, ta zama amsar da ake ba wanda ya tambayi dalilin ƙara mutum goma a jirgin da ya riga ya cika.

Malaman zaure na cikin birni ba su koyar da haka ba. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahina ta Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya ji a wajen malaminsa cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wuƙa ba ta yankawa da ikon kanta. Allah ne ke halittar ƙuna da yanka a yayin haɗuwarsu da abin da suka taɓa. Ke nan katako ma ba shi ne ke tsare ƙafa daga jiƙewa ba. Sai dai darasin bai tsaya nan ba. Allah Ya gudanar da al'adarSa a kan cewa inda aka sa wuta a busasshiyar ciyawa ƙuna za ta biyo, kuma babu malamin tauhidin da ya taɓa cusa hannunsa a murhu don ya nuna ya fahimci littafin. Wanda ya san al'adar Allah game da ruwa da nauyi, ya kuma take ta da gangan, bai fi kowa tawakkali ba. Ya dai yi wa Ubangijinsa rashin ladabi.

Alƙur'ani da kansa ya ba kafinta matsayi. A Suratu Hudu an umarci Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya sassaƙa jirgi, manyan garinsu suna wucewa suna yi masa dariya. A aya ta 13 ta Suratul Ƙamari kuwa ba a ma kira jirgin da sunansa ba, an siffanta shi ne da kayan da aka haɗa shi da su, alluna da ƙusoshi. Annabi ne da aka yi wa alkawarin tsira, duk da haka sai da ya buga ƙusa.

Fiƙihu ya fi kowa sanin bakin ruwa. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, littafin da kusan kowane zaure a Kano ke da shi, ta yi hukunci mai fuska biyu a kan mai jirgi: ba a ɗora masa biyan abin da ya salwanta, amma kuma ba shi da kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi da shi. Masu sharhi suka fayyace cewa wannan sassauci na wanda iska ko igiyar ruwa ta fi ƙarfinsa ne. Wanda ya yi sakaci ko ya wuce iyaka, shi kam zai biya. Malaman da suka rubuta babin imani da ƙaddara a farkon littafi su ne suka rubuta babin lamuni a tsakiyarsa, ba su kuma ga wani saɓani ba.

Koki ta san wannan tun kafin a gina madatsar ruwa ko guda a ƙasar Kano. Unguwa ce ta fatake, irin gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 bayan ya fara neman arziki da fataucin goro. A wancan zamani, ayarin da ke zuwa Gwanja ya dawo sai ya ƙetare Kwara da jakuna da huhunan goro, a jiragen mutanen bakin kogi. Kafin a tashi malamai sun yi addu'a, an yi sadaka. Amma madugu ba ya barin kowa ya fafe gora ranar tafiya, kuma goro, wanda ke son danshi ya ƙi jiƙa, sai an kwance shi a hanya an tsince ruɓaɓɓe an sake naɗe shi da ganye. Jikokin waɗannan fatake ne ke jera bulo da katako a yau. Lokacin da ambaliya ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ta lalata yadudduka masu ɗimbin yawa, an yi salati an yi wa juna jaje, an kuma tayar da maganar gine-ginen da aka yi a kan magudanan ruwa.

Katakon yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne mai cewa ba ya hana mutuwa ke da abin koyarwa. Daɓen katakon da ya yi kyau yana ɓoye ruwa. Fasinja yana zaune ƙafarsa a bushe, hankalinsa kwance, alhali a ƙarƙashinsa ruwa na hawa yatsa bayan yatsa, jirgi na ƙara nauyi. A jirgin da babu daɓe kowa na ganin ruwan, kowa na neman ƙoƙo. Mutumin da ya dogara ga dabararsa har ya daina dubawa ya faɗa ramin da mai sakaci ya faɗa, ta wata ƙofar dabam ya shiga kawai. Ana ganin irinsa a tudu: ɗan kasuwar da ya ɗaga kayansa a kan katako a Yuli, ya kulle ƙofa, bai sake leƙawa ba sai da gara da danshi suka cinye katakon daga ƙasa.

Wannan ne ya sa katakon nan guda da ba a kafe ba ya fi sauran daraja. Wanda ya bar shi ya yarda cewa aikinsa bai kammala ba, ba kuma zai taɓa kammala ba, ruwa zai shigo ko ya so ko ya ƙi. Da sassafe, kafin a ɗauki fasinjan farko, matuƙi yakan ce bismillah ya tura jirgi daga gaɓa, yaronsa kuma ya durƙusa a tsakiya, ya ɗaga katakon, ya zura hannunsa har wuyan hannu ya ji inda ruwan daren jiya ya tsaya.