Inda Ba Wanda Ya San Ka

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya shimfiɗa tudu, ya tara teku, ya sanya wa bayinsa hanyoyi a cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, wata tambaya ce aka yi mini bayan karatun magariba, na ga ya kamata amsarta ta wuce zauren da aka yi ta. Wani ɗalibinmu, mai gyaran waya a kasuwa, ya ce: "Malam, shekara biyu ina tara kuɗi. Ban taɓa ganin teku ba sai a hoto, ban kuma taɓa kwana a garin da ba ni da ɗan'uwa ba. Ina so in je Zanzibar in yi mako guda, ni kaɗai. Ya halatta?" Kafin in buɗe baki sai wani daga baya ya ce haramun ne, ai wurin tsiraici ne. Na ce a yi hankali. Halattawa da haramtawa na Allah ne, kuma wanda ya haramta abin da Allah bai haramta ba, laifinsa bai gaza na wanda ya halatta haramun ba.

Asalin tafiya halal ne. Alƙur'ani ya yi umurni a wurare da dama a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi halitta, kamar a Suratul Ankabut, aya ta 20. Teku kuwa aya ce daga ayoyin Allah, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an tabbatar da cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, a na alwala da shi, abin da ya mutu a cikinta na kifi kuma halal ne. Saura batun kaɗaici. Gaskiya ne akwai hadisai da suka yi hani ga mutum ya yi tafiya shi kaɗai, musamman da dare, kuma Buhari ya ruwaito ɗaya daga Ibn Umar. Amma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, da kansa ya aiki Zubairu shi kaɗai ya leƙo asirin abokan gaba a yaƙin Handaƙ, haka ya aiki Huzaifa cikin dare. Saboda haka malamai da yawa suka fahimci hanin a kan tafiyar daji, inda in mutum ya faɗi ba mai ɗaga shi, in ya mutu ba mai yi masa wanka. Wanda ya shiga jirgin sama da mutum ɗari biyu bai shiga wannan hali ba. Abokin tafiya dai ya fi, ba gardama.

To, an gama magana ke nan? Ba a gama ba. Malikawa da Shafi'awa da Hambalawa sun ce wanda ya fita domin saɓo ba shi da rangwamen matafiyi, watau ba zai yi ƙasaru ba, ba zai ajiye azumi ba. Ku lura da wannan da kyau. Mutum biyu a jirgi ɗaya, kujera kusa da kujera, ɗaya ya sallaci azahar raka'a biyu an karɓa, ɗayan ba a ba shi wannan sauƙi ba. Ma'aikacin da ya buga musu hatimi a fasfo ba zai iya bambanta su ba. Ni ma da ɗalibin nan ya ke tambayata ba zan iya ba. Hukuncin ya koma wurin da ba mai leƙawa sai mai shi da Ubangijinsa.

Abin da ya sa ban yi gaggawar amsa masa ba shi ne ni ma na yi wannan tafiya a 2022, ni kaɗai, kuma na dawo da abin da ban je nema ba.

Na bi ta Adis Ababa, na sauka a tsibirin Unguja, wanda shi ne babba a tsibiran Zanzibar, ɗan'uwansa kuma shi ne Pemba. Tun 1964 suka haɗe da Tanganyika aka sami ƙasar Tanzaniya. Daga filin jirgi na ɗauki mota zuwa wani ƙauye a gaɓar gabas mai suna Paje, tafiyar kamar awa guda. Na isa da dare a gajiye. Na yi alwala, na tambayi yaron masaukin ina rana ke fitowa, ya nuna mini wajen teku. Na shimfiɗa darduma na fuskanci can, na haɗa magariba da lisha. Da asuba ma haka. Sai da hantsi yaron nan ya zo shara, ya ga yadda dardumar ta ke, ya tsaya yana jin nauyi, sa'an nan ya sunkuya ya juya ta da hannunsa. Ashe Zanzibar tana kudu da Makka ne sak, alƙiblarsu arewa ce. Mu a nan mun saba har mu kan ce wane ya fuskanci gabas, muna nufin ya yi salla, kuma a ƙasarmu kusan haka ne, gabas da ɗan karkata arewa. Ni da na karanta babin fuskantar alƙibla a jami'a, na ci jarrabawa a kansa, ga waya a aljihuna mai nuna alƙibla, ga Musulmi a ƙofar ɗakina, ban tambaya ba. Salla uku na ba Tekun Indiya fuskata. Na sake su duka, domin wanda ya ke da ikon tambaya ya ƙi, ba shi da uzuri.

Na zauna a bakin gado ina tunani. Shekara talatin ina fuskantar gabas ana cewa na dace, alhali kuwa sahu ne ya daidaita ni. Da aka ɗauke sahun sai ga ni ina bin sabo. Sai na ce wa raina, in alƙibla ta zama haka, sauran fa?

Amsa ba ta daɗe ba. Kwana na uku na farka rana ta riga ta fito. A gida ban san rabona da makara ba, har na ɗauka wannan halina ne. Ashe lasifikar masallacin unguwa ce, da tarin mahaifina a tsakar gida yana alwala, da sanin cewa in ba a gan ni a sahu ba za a ce yau ina Malam. A wancan ɗaki ba ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai fanka da ƙarar igiyar ruwa. Na faɗi wannan ne ba don in tona wa kaina asiri ba, sai don kada wani ya ce mai wa'azi yana magana daga kan mumbari a kan abin da bai ɗanɗana ba.

Malaman luga sun ce kalmar safar, wadda Larabawa ke kiran tafiya da ita, daga tushen da ke nufin yaye lulluɓi ta fito, domin ta kan yaye halin mutum. Daga nan ne mutanen Zanzibar suka sami tasu kalmar, safari. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa ciniki, ko sun taɓa tafiya tare. Da ya ce babu ko ɗaya, Umar ya nuna masa cewa ganin mutum yana ruku'u da sujada a masallaci bai isa a ce an san shi ba. To, wancan tafiya ce da abokai, wadda ke nuna ka ga wasu. Tafiyar kaɗaici kai ta ke nuna wa kanka, kuma ba kowa ne ke son abin da zai gani ba.

Ku gane ni da kyau, ban ce kunyar mutane banza ba ce. Kunya yanki ce ta imani, kuma idon unguwa rahama ne, ya tsare da yawanmu daga abin da da yanzu muna kuka a kansa. Amma katanga ce aka gina maka, ba kai ka gina ba. Ibn Majah ya ruwaito daga Sauban labarin waɗansu mutane daga wannan al'umma, masu tsayuwar dare, da za su zo ranar ƙiyama da ayyuka kamar duwatsun Tihama, a mai da su ƙura, saboda su mutane ne da in suka kaɗaita da abin da Allah ya haramta sai su afka masa. Ban san hadisin da ya fi wannan tsoratar da mai gemu da ɗagaggen wando ba.

A bakin tekun nan za ka ga abin da mai cewa haramun ya faɗa, ba ƙarya ya yi ba. Baƙi daga Turai su kan kwanta a rairayi da abin da bai kai a kira shi tufafi ba. Akwai mashaya, kuma a Nungwi da Kendwa, can ƙuryar arewa, otal-otal sun fi cunkoso, kiɗan dare ya fi yawa. Akwai samari masu bin baƙi suna tallan yawo a kwalekwale, waɗansunsu kuma in sun ga fuska sai su rage murya su yi maka tallan wani abin. A nan ne Shaiɗan zai kawo maka karin maganar nan ta cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. Umurnin runtse ido da ke Suratun Nur, aya ta 30, maza aka fara yi wa shi, kuma ba a ce sai in matan sun rufe jiki ba. Al'aurarka kai ma daga cibiya zuwa gwiwa ce, ko a cikin ruwa.

Sai dai wanda ya ce tsibirin duka wannan ne, ya zalunci mutanensa. Mafi yawansu Musulmi ne, galibi Shafi'awa. A Kizimkazi, kudancin Unguja, akwai masallaci mai rubutu a jikin mihirabinsa da ke nuna shekara ta 500 bayan Hijira, watau 1107, kusan shekara 700 kafin jihadin Shehu Usmanu na 1804. Na je da girman kai irin namu, ina zaton ni zan koya musu, sai ga mai shara ya gyara mini alƙibla. Bayan makarar nan na bar masaukin bakin ruwa na koma wani ɗan gida a cikin ƙauye, kusa da masallaci, inda kiran salla zai same ni. Na riƙa fita bayan asuba, lokacin da masu wutsiya ba su tashi ba. Tekun wannan gaɓa ta kan janye sau biyu a yini da dare, ta bar fili mai nisa, sa'an nan ta dawo. In ta janye sai ka hango mata cikin zannuwansu da lulluɓi sun shiga suna noman ciyawar teku a jikin igiyoyi, wadda a ke busarwa a sayar ƙasashen waje, masunta kuma suna gyaran koma. Rairayin da wani ya biya dubbai ya zo ya kwanta a kai, gonar wata ce. Wanda ya tuna da haka ba zai ɗaga waya ya ɗauki hoton matar mutane ba izini ba, kuma ba zai sa ɗan Musulmi ya nemo masa abin da shi ma ya san haramun ne, don kawai yaron yana bukatar kuɗin.

In ka shiga tsohon birni, wanda Turawa ke kira Stone Town, ka je inda kasuwar bayi ta ke kafin a rufe ta a 1873. Coci aka gina a wurin. Masu mulkin tsibirin a lokacin Musulmi ne, sarakuna 'yan asalin Oman, kuma da gumin bayi aka noma kanumfarin da ya arzuta su. Ba daɗin gani, amma irin wannan ma yana cikin duban da aka umurci matafiyi ya yi.

Wani abu kuma da ba na ruhi ba: iyon da ka koya a kududdufi ko a rafin garinku ba shi ne iyon teku ba. Ruwan da ya janye ya kan dawo da sauri fiye da yadda baƙo ke zato. Kada ka yi nisa kai kaɗai, kada ka shiga kwalekwalen da ba rigar hana nutsewa. Ranka amana ne.

Na koma ga ɗalibina. Na ce masa tafiyarka halal ce in ba bashi a kanka, in ba wanda ciyarwarsa ta wajaba a kanka da zai kwana da yunwa saboda ita, in kuma iyayenka sun yarda da daɗin rai. Ibn Baɗɗuɗa ya bar Tanja a 1325 yana ɗan shekara 21, ba abokin tafiya, har daga baya ya taka Mombasa da Kilwa a wannan gaɓa, ba wanda ya ce ya yi laifi. Amma kafin ka sayi tikiti, akwai bakin tekun da ka riga ka saba zuwa kai kaɗai. Ƙarfe ɗaya na dare, ƙofa a rufe, waya a hannu, ba wanda ya san ka. Me ka ke yi a can? In ka san kana cin nasara a can, ko kana faɗuwa kana tashi da tuba ta gaskiya, je ka, ka nemi masauki kusa da masallaci, ka yi salla cikin jam'i ko da kana ƙasaru. In kuwa ka san dalilin da ya sa ka ke son tafiyar ba tare da kowa ba shi ne don kada a gani, to, ka riga ka ba kanka fatawa, ba ka bukatar tawa. Ka jinkirta, ko ka nemi abokin da ka ke jin kunyarsa ku tafi tare.

Ya yi shiru, bai ce komai ba, ni ma ban matsa masa ba. Bayan mako biyu ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce Hajiyarsu ta yarda, da sharaɗin ya kira ta kullum in ya idar da asuba. Na ce madalla, amma ya faɗa mata agogonsu ya riga namu da awa biyu, kada wayar ta tashe ta ƙarfe uku na dare ta zaci wani abu ne ya faru. Ya ce ya faɗa mata, ta ce ya kira haka nan, ita dama lokacin ta ke tashi.