Da Wane Mudu Ake Auna Gari?

Idan kaka ta wuce a arewacin Gana, aka shigar da doya da gero da gyaɗa, sai tashoshin mota na Salaga da Yendi da Bawku su cika da samari da 'yan mata masu niyyar kudu. Kafin su tashi an riga an sha gardama a gida. Wani ya ce Akra ta fi, domin can kuɗi suke. Wani ya ce Tema, saboda tashar jiragen ruwa da masana'antu. Wani ya ce Takoradi ta fi sauƙin zama, wani kuma ya hango Legas ko Abijan. Tsofaffi su ce zaman gida ya fi duka. Kowa yana auna gari, amma ba safai ake tsayawa a duba mudun da ake awon da shi ba. Ga mai bin Almasihu wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama a kanta ne uba yakan saki 'yarsa mai shekara 15 ta shiga mota, ko kuwa ya hana ta.

Da fari dai ya kamata a yi wa masu tafiya adalci. Ruwa ba ya tsami banza. A arewa damina ɗaya ce a shekara, a kudu kuwa biyu ne, saboda haka manomin Yendi yakan yi watanni hannunsa babu aiki. Tun zamanin Turawan Ingila ake ɗibar ƙarfafan arewa zuwa gonakin koko da ramukan zinariya, makarantu kuwa suka makara kafin su iso. Sai ga fitina a kan haka. Yaƙin 1994 tsakanin Konkomba da maƙwabtansu Nanumba da Dagwamba da mutanen Gwanja ya raba dubban mutane da gidajensu a ƙasar Yendi da Salaga. An kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu a Yendi cikin Maris 2002, ba a sake naɗa sabon Ya Na ba sai Janairu 2019. A Bawku rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fitar dare, kasuwa ta raunana. Wanda ya bar irin wannan wuri yana neman abinci da barci cikin salama, ba daidai ba ne a kira shi makwaɗaici.

Bakin teku kuwa yana da abin bayarwa na gaske. Akra ta zama babban birni tun 1877. An buɗe asibitin Korle Bu a 1923, tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ta Tema a 1962. Ƙidayar 2021 ta sami mutum fiye da miliyan 5 a yankin Akra, cikin kusan miliyan 31 na ƙasar duka. Inda jama'a suka taru haka, ko mai tallan ruwan sanyi yana samun mai saye. Kwano nawa na rufi a ƙauyukan Bawku, kuɗin makaranta nawa a Salaga, guminsu a kasuwannin Akra aka zubar? Wannan alheri ne, kada a raina shi.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba. Mudun da aka fi ɗauka shi ne abin da yake shiga hannu a yini, aka manta da abin da yake saura idan dare ya yi. Dokar haya ta Gana ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata 6 a gaba, duk da haka a Akra baƙo yakan ji an ce ya kawo na shekara ɗaya ko biyu kafin a miƙa masa mabuɗi. A Takoradi ma haya ta hau bayan an gano man fetur a teku a 2007. Cikin Disamba 2022 tsadar kaya a ƙasar ta ƙaru da kashi 54 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata, mai sayen kowace loma a kasuwa kuwa shi ya fi jin zafin wannan, fiye da mai rumbu. 'Yan matan arewa masu dako a ka, waɗanda ake kira kayayei (rabin sunan ma daga kalmar “kaya” ta Hausa ne), suna biyan kuɗin wurin kwana, da na wanka, da na bayan gida, da na ruwan sha. Da yawansu sukan cunkusu a ɗakin katako guda, waɗansu kuma su kwana a bakin kantuna, inda ba su tsira daga ruwan sama ko daga mugayen maza ba. Yarinya tana iya samun kuɗin da ba ta taɓa riƙewa a gida ba, ta kuma rasa lafiyar wuyanta da karatunta kafin ta kai shekara 20.

Mutanen Salaga sun fi kowa dalilin gane wannan, gama garinsu shi ne babbar kasuwa a dā. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi watanni a hanya da jakuna, su kawo kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron Gwanja. Mai masauki ya yi arziki, dillali ya yi arziki, malamai suka taru. Amma a wannan kasuwa ɗin ce ake ɗaure 'yan Adam ana sayar da su. Da za a tambayi attajiri, da ya ce babu gari kamar Salaga. Da za a tambayi bawan da ke zaune a rana da sarƙa a ƙafa, da amsar ta zama dabam. Su biyun gari ɗaya suke bayyanawa, kuma ba mai shakkar wanda Allah ya fi kasa kunne ga shaidarsa. Sa'an nan girman bai daɗe ba. Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 hanyar goro ta fara kaucewa, yaƙin basasa na 1892 ya watsa fatake zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa, daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Legas. Garin da ake auna shi da kasuwarsa kaɗai, ranar da kasuwa ta tashi ba ya da sauran nauyi.

Mudu na gari, ashe, shi ne halin da mafi rauni yake ciki. Gari mai kyau shi ne inda baƙo marar gata yake iya kwana ba tsoro, ya yi ciwo a kula da shi, ya mutu a san sunansa a binne shi.

A ɗauki wannan mudu a shiga Old Fadama, unguwar da take bakin kogin Odaw a Akra. Ta cika ne da mutanen arewa, musamman bayan yaƙin 1994, kusa da kasuwar doya ta Konkomba. Ƙidayar da mazaunanta suka yi a 2009 ta sami mutum kusan 80,000. Ran 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar wani gidan mai suka hallaka mutum fiye da 150 a tsakiyar birnin, kafin watan ya ƙare kuma aka rushe wani sashe na unguwar, aka ce gidajenta sun toshe hanyar ruwa. A 2021 aka tashi 'yan kasuwar albasa na Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, can bayan gari. Legas ta yi irin wannan a Maroko a 1990. Birni yana son wuyan da zai ɗauki kayansa, amma ba ya son ganin tabarmar da mai wuyan yake kwana a kai.

Mutanen Akra sun laƙaba wa Old Fadama suna Saduma da Gwamrata. Mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Lutu, a Farawa sura 13, yadda ya zaɓi kwarin Urdun da ido saboda dausayinsa, bai tambayi halin maƙwabtan da zai zauna da su ba, ƙarshe ya fita ba komai a hannunsa. Wannan gargaɗi ne ga kowane mai shirin tafiya. Amma akwai wani gargaɗi ga masu laƙaba sunan. Da annabi Ezekiyel yake lissafa laifin Saduma a sura 16, abin da ya ambata ya haɗa da fahariya, da ƙoshi, da juya wa matalauci baya. In haka ne, ba lalle ɗakin katakon mai dako ne ya cancanci sunan ba.

Wani zai ce, to, ai sai kowa ya zauna gida. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Yakubu ya aiki 'ya'yansa Masar saboda yunwa, Yusufu kuma ya gudu can da jaririn Yesu saboda takobin Hirudus. Gida ma da mudu ɗaya za a auna shi. Garin da mace take yin sammako neman ruwa da rani, ko wanda ɗan makaranta yake jin ƙarar bindiga da dare, ko inda ake cire yarinya daga aji a aurar da ita ba da sonta ba, bai cika mudu ba ko da hatsi ya yi araha. Abin da gida ya fi birni da shi, wato dangi da gona da mutanen da suka san asalin mutum, ba ya tsayawa da kansa in ba a tsare shi ba. Asibitin Ikkilisiyar Presbyterian da ke Bawku, wanda ake zuwa daga nesa don ciwon ido, shaida ne cewa ana iya gina alheri a arewa har mutum ya rasa dalilin tafiya. Dattijon da yake hura wutar gaba a kan sarauta ba shi da bakin zargin saurayin da ya gudu.

Saboda haka iyalin da ke shawarar tafiya suna da tambayoyin da suka fi “nawa ake samu” nauyi. A ina yarinyar za ta kwana, wa kuma zai rufe ƙofar? Idan zazzaɓi ya kama ta, wa zai kai ta asibiti? Wace ikkilisiya ce za ta san ba ta zo sujada ba ran Lahadi? Uban da ya karɓi kuɗin da 'yarsa ta aiko bai taɓa tambayar waɗannan ba, ya ci guminta ne da rufaffen ido.

Ikkilisiya kuma tana da hannu biyu a wannan al'amari. Ta arewa ba za ta sallami ɗanta da addu'a kaɗai ba. Sai fasto ya ba shi wasiƙa zuwa ga 'yan'uwa na can, ya kuma bi sawunsa. Ta kudu, a Nima ko Madina ko Ashaiman, sai ta karɓi baƙo kamar ɗan gida. Mai bi da yake da ɗakin haya yana karɓar kuɗin shekara biyu daga hannun marar ƙarfi ya tuna doka ta hana, Ubangiji kuma yana gani. Mai bi da take ɗora wa 'yar wani buhu a ka ta biya ta abin da za ta so a biya tata 'yar. Irmiya, a sura 29, ya gargaɗi kamammun da ke Babila su nemi zaman lafiyar birnin da suke baƙunta a ciki. Haka yake ga ɗan Yendi a Akra, haka kuma ga wanda ya zauna a Yendi. A kowane gari mutum ya sami kansa, za a tambaye shi yadda maƙwabcinsa mafi rauni ya kwana.