Idan Ƙungiyar Taimako Ta Rufe, Wa Zai Sallami Ma'aikata?

A ƙasar Ingila akwai ƙananan ƙungiyoyin taimako da yawa waɗanda mutanen unguwa ko 'yan ikkilisiya suka kafa da kansu. Wata tana dafa wa tsofaffi abincin rana, wata tana renon yara sa'ad da iyayensu suke wurin aiki. Mutum biyar ko shida ne suke riƙe da amanar ƙungiyar, ana ce da su amintattu, ko anini ba a biyansu. Da aiki ya yi yawa sai su ɗauki kuku, ko direba, ko magatakarda, su yanka masa albashi. Shekaru su wuce lafiya. Ran nan sai masu ba da gudummawa su janye hannu, asusu ya bushe, a ce za a rufe. To, kuɗin sallamar ma'aikatan nan, daga aljihun wa zai fito?

Tun shekara ta 1965 dokar ƙasar ta wajabta kuɗin sallama ga wanda aikinsa ya ƙare ba da laifinsa ba, dokar hakkin ma'aikata ta 1996 kuma ta riƙe wannan. Duk wanda ya cika shekara biyu a wurin aiki ya cancanta. Kowace shekarar da ya yi yana ƙasa da shekara 22, za a ba shi albashin rabin mako. Daga 22 zuwa 40, mako ɗaya. Daga 41 zuwa sama, mako ɗaya da rabi. Ba a lissafa fiye da shekara 20, a watan Afrilu na 2025 kuma an tsayar da iyakar albashin mako a kan fam 719. A ɗauki misali: mace mai shekara 52, ta yi shekara goma tana dafa abinci a kan fam 300 a mako. Sallamarta mako 15 ne, wato fam 4,500. Ban da wannan, dole a sanar da ita tun da sauran mako goma, ana biyanta albashi. In ma'aikatan uku ne irinta, kowa ya ga inda lissafi zai kai.

Ga inda gizo yake saƙa. Ƙungiyar da aka yi wa rajista kamar kamfani, doka tana ɗaukarta tamkar mutum mai zaman kansa. Ita take ɗaukar ma'aikaci, ita take cin bashi, in ta faɗi bashin ya faɗi tare da ita. Amma wadda ba a yi mata wannan ba, a idon doka suna ne kawai. Amintattun su ne iyayen gidan ma'aikaci. Suna da iko su biya daga asusun ƙungiya, amma in asusun ya ƙare, sauran bashin yana wuyansu, ana kuwa iya bin mutum ɗaya a cikinsu dukan kuɗin. Akwai asusun gwamnati da yakan biya ma'aikacin da aka kasa biya, sai dai daga baya gwamnati takan juyo ta nemi kuɗinta wurin maigidan aikin.

Mai ji zai ce wannan zalunci ne. Ga tsohuwar malamar makaranta, ta ba da maraicenta shekara da shekaru saboda ƙaunar maƙwabci, ba ta ci ba, ba ta ɓoye ba, yanzu a ce ta taɓa ɗan abin da ta tara domin tsufanta? In haka ne, gobe wa zai yarda a zaɓe shi? Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata dariya ba.

Amma a dubi kukun ita ma. Ba ta zo aikin sa kai ba. An yi yarjejeniya da ita, ta cika nata, da wannan albashi take biyan haya. Ba ita ta tsara kasafin kuɗi ba, ba a kiranta taron kwamiti. In dole ne hasara ta sauka a kan wani, tsakanin wanda ya riƙe alƙalami da wadda ta riƙe ludayi, wa ya fi kusa da sanadinta? Littafin Firistoci sura 19 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta yi kashedi mai zafi ga masu danne hakkin waɗanda suka girbe musu gona. Babu inda aka keɓe maigidan da yake da kyakkyawar niyya. Niyya ba ta cika tukunya.

Abin da yakan ɓace wa amintattu shi ne, bashin sallama ba a ranar rufewa ake haifarsa ba. Yana girma a hankali kamar ɗan itace, kowace shekara mako ɗaya ko ɗaya da rabi. Kwamitin da ya kashe dukan abin da ya shigo a kan mabukata, bai ajiye kome ba, ya yi kyauta ne da abin da wani sashensa na ma'aikaci ne. Da wuya a ga laifi a nan, gama ciyar da mayunwaci ya fi ajiya a banki daɗin faɗa a taron shekara. Duk da haka Ubangiji Yesu, a Luka sura 14, ya yi misali da mai gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta abin da ginin zai ci. Babbar ƙungiyar nan ta Landan mai taimakon yara, Kids Company, ta rufe a watan Agusta na 2015, ƙarancin ajiya kuwa yana cikin abin da aka fi sukarta a kai. A 2021 babbar kotu ta ƙi yarda da ƙarar da aka kai amintattunta. Ita tana da rajistar kamfani, amma sai da suka yi shekaru suna cikin damuwa.

Sauran 'yan ƙungiya fa, waɗanda suka ɗaga hannu suka zaɓi amintattun? Kotuna sun daɗe da cewa, in tsarin ƙungiya bai faɗi wani abu dabam ba, ba a bin memba fiye da kuɗin membansa. Doka ta sake su. Amma jama'ar da ta ɗauki yabo a lokacin yalwa, sa'an nan ta bar mutum biyar da kaya a ka, ta yi abin kunya ko da alƙali bai kira ta ba. Wannan ya shafi kowane kwamitin ikkilisiya da ya ɗauki maigadi ko malamar yara, a kowace ƙasa yake, ko da dokokin ba iri ɗaya ba ne.

Tun 2013 akwai wata irin rajista a Ingila da aka yi musamman domin ƙungiyoyin taimako, wadda take raba bashin ƙungiya da aljihun amintattu. Mai hankali zai neme ta tun da rana. Sai dai ita amintacce take karewa, ba ta ƙara ko fam ɗaya a asusun da za a sallami kuku da shi.

Akwai kuma wata jarraba da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa ma'aikaciyar da amintattun benci ɗaya suke zama ran Lahadi. Kunya za ta hana ta kai su ƙara. Doka kuwa wata shida ta ba ta ta nemi kuɗin sallamarta, su ma sun san haka. Kwamitin da ya yi shiru yana ƙirga watanni, yana gaishe ta a bakin ƙofar sujada, ya san abin da yake yi.